A daina rufe laifin zoɓo da filebo

Wai wa ya yanke mana cewa maganin kowace matsalar abin sha shi ne ƙarin filebo? Zoɓo ya yi bauri, a zuba filebon abarba. Kunun aya ya fara juyawa, a zuba na madara ko na kwakwa. Lemon citta ya ɗauko warin jarka, a ƙara siwita, a ɗiga kala, a cusa shi cikin ƙanƙara har sanyi ya kashe harshen mai sha. Abin nan ya ishe ni, kuma na san da yawa daga cikinku ya ishe ku, kawai kunya ce ke hana ku faɗa wa mai biki.

Ku da kuke Birnin Kebbi kun san yadda ake ciki. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma azumin 'yan shekarun nan a bakin wannan zafin ya riƙa faɗowa. Da la'asar ta yi, daga Badariya zuwa Gesse zuwa bakin babbar kasuwa, kula ce jere da kula, kowace cike da gorunan zoɓo da kunun aya da lemon tsamiya. Sana'a ce mai albarka, tana riƙe da gidaje da yawa, ina kuma jinjina wa matan da ke yin ta. Amma ka sayi gora a wuri biyar, ɗanɗano ɗaya za ka ji: ƙamshin alawa a sama, zaƙi mai kama maƙogwaro a tsakiya, can ƙasa kuma wani abu da aka so a ɓoye maka.

Wannan abin na can ƙasa shi ne maganata. Babu ɗanɗanon banza da ke zuwa haka kawai. Kowanne yana da inda ya fito, kuma harshe yana iya bin sawunsa in an bar shi ya yi aikinsa. Zoɓon da ke warin ƙasa ko na fumfuna, tun daga buhu ya lalace: ko an shanya shi a ƙasa, ko ya sha damina a ɗaki mai laima. Wannan a kasuwa ake gane shi, da hanci, kafin a biya kuɗi. Wanda ke bauri yana kama dasashi kuwa wuta ce ta yi masa yawa. Hajiya, zoɓo ba ganda ba ne da za ki bar shi awa biyu yana tafarfasa. Ki ɗauraye shi da sauri don ƙura da yashi su fita, ya yi 'yan mintuna a tafasasshen ruwa da citta da kanumfari, ki sauke ki rufe ya jiƙu da kansa. A Masar, inda suke kiransa karkade, da yawa ma a ruwan sanyi suke jiƙa shi ya kwana. In kuma kika ji ɗanɗanon ƙarfe a bayan harshe, dubi tukunyarki. Zoɓo abu ne mai tsami sosai, tsamin nan yana cin tukunyar dalma, balle a bar shi ya kwana a ciki. Masu jefa kanwa don kashe tsami su ma sun san sakamakon, in ta yi yawa jan nan mai kyau ya koma baƙi-baƙi, ɗanɗanon ya yi lami kamar an ɗiga sabulu. Sai kuma a ɗauko kala a maido da jan, a ɗauko filebo a maido da ƙamshin. Aiki biyu, kuɗi biyu, don gyara abin da ba a buƙaci ɓata shi ba tun farko.

Wanda ya fi damuna shi ne gorar da ke huci. Kun san ta: ta kumbura ta yi tauri, kana murɗa murfi ta ce "fuss", kumfa ya taso, ka kurɓa ka ji yana ɗan tsikarin harshe. Wasu har yabo suke yi, wai ya yi gas kamar lemon kwalba. Ba gas ɗin kamfani ba ne, yis ne ya kama aiki. Akwai yis a jikin ɓawon 'ya'yan itace, musamman ɓawon abarba da aka mayar dole a zoɓon zamani. In ɓawon ya tafasa tare da zoɓon, wuta ta kashe shi. In kuwa bayan an sauke ne aka zuba ɗanyen ɓawo, ko markaɗaɗɗiyar kankana da kokwamba, aka ƙara sukari, aka toshe a gora cikin zafin Afrilu, to an ba yis duk abin da yake nema. Zai ci sukarin ya fitar da iska, ya kuma fitar da barasa kaɗan-kaɗan. Mutanen Meziko, waɗanda su ne manyan masu sayen zoɓon da Nijeriya ke fitarwa daga su Jigawa, suna da wani abin sha da suke yi da gangan ta wannan hanyar, ɓawon abarba da sukari da ruwa a bar su kwanaki. Su da niyya suke yi. Mu kuma sakaci ne ke kai mu can, mu rufe da filebo mu miƙa wa mai azumi. Ba cewa nake yi duk gorar da ta yi huci ta zama giya ba, wannan hukunci na malamai ne. Amma magabata ba su yi wasa da wannan ba. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin rana ta uku. Abin da ya rage a bayar a shanye ko a zubar. Ke nan tun wancan zamani an san abin zaƙi da aka jiƙa yana da wa'adi.

Kunun aya kuwa ko wa'adin kwana ɗaya ba shi da shi in babu sanyi. Zoɓo yana da tsamin da ke ɗan kare shi. Aya ba ta da wannan garkuwar. Ga mai, ga sitaci, ga zaƙi, an kuma haɗa ta da dabino da kwakwa. A zafinmu sa'o'i kaɗan sun isa ya yi tsami, ya tsinke, wani lokaci ya yi yauƙi. Kuma sau da yawa tun kafin ya iso gida an riga an ɓata shi. Ku je wurin injin markaɗe da hantsi ku tsaya ku gani. Yanzu aka sauke wake na ƙosai da attaruhu da albasa, mai inji ya watsa rabin kofin ruwa, ya ce wa yarinya ta miƙo bokitin ayarta. Markaɗen farko da ya zubo har da ɗan jan attaruhu a bakinsa, shi ma cikin bokitin ya tafi. Daga nan gafin wake yake, daga nan maƙaƙin yake, daga nan ƙwayoyin da za su tsamar da kunun kafin magariba suka shiga. Ki sa a wanke injin a gabanki, ki zubar da na farkon, ko ki je da sassafe kafin masu wake. Ki zauna ki tsince ayar, domin ruɓaɓɓiya 'yar kaɗan tana ɓata bokiti guda. In kin jiƙa ta ta kwana, ki sauya ruwan ki sake wanke ta. Ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi har Sifen ake kai ta, inda mutanen Balansiya ke yin nasu kunun ayar da suke kira orchata, kuma sabonsa a cikin sanyi suke riƙe shi daga tacewa har sha. Ayarmu ce fa, amma mu ne ke barin ta a bakin inji tana jiran layi cikin rana.

Na san abin da za a ce: sukari ya yi tsada, wuta ba ta tsayawa, ƙanƙara a watan azumi sai mai hali, kuma yara filebon suke so. Gaskiya ne, ban musa ba, ɗigon filebo a kan zoɓo mai lafiya bai kashe kowa ba. Amma wanke gora da ruwan zafi ba ya buƙatar wutar lantarki, haka ma rage yawan abin da ake haɗawa zuwa abin da za a iya sayarwa a yini.

Gorar ma ai ita ce rabin matsalar. Robar da aka tsinto daga wurin biki, aka ɗauraye sama-sama, murfin nan da zaren wuyansa ba a taɓa su da soso ba, ragowar lemon jiya na maƙale a ciki. A Argungu an taɓa miƙo mini zoɓo mai kyan gaske, ja wur, cittarsa daidai, amma bakin gorar ƙarni yake, don kular da aka sa shi ta kwana da kifi. Garin da baƙi ke zuwa daga ko'ina don kallon kamun kifi a Matan Fada, bikin da ya samo asali tun 1934, bai kamata baƙo ya ji kifin a cikin zoɓonsa ba. Kula ɗaya ta kifi, ɗaya ta abin sha, magana ta ƙare.

Kuma kada mu manta inda wannan ɗabi'ar ta zuba garin-abu-a-ruwa take iya kaiwa. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon haɗi. Hukumar NAFDAC ta danganta abin da wani sinadari da aka sayar wa mutane da sunan ɗan tsami. Garin da aka ƙulla a leda, babu suna, babu kwanan wata, ba ki san abin da kike zubawa ba. Ga tsamiya a kasuwa, ga lemon tsami, ga zoɓon kansa da Allah Ya yi shi da tsaminsa. Siwita kuwa kowa ya san ɗacin da take bari a maƙogwaro bayan an haɗiye, wanda shi ma wani filebon ake nema a rufe shi.

Iyayenmu da ke dama kunun zaƙi ba su san kwalbar filebo ba. Zaƙinsu daga tsiron hatsi da busasshen dankali yake fitowa, su ne ke narkar da sitacin gero ya koma zaƙi cikin dare, kuma tsohuwa na ɗanɗanawa za ta gaya miki ko gasarar ce ta wuce lokaci ko ruwan rijiyar ne mai zartsi. Yaran da muke tasowa da su yanzu, ka ba su zoɓo na citta da kanumfari da mazarƙwaila, sai su ce bai yi daɗi ba, don ba ya ƙamshin cingam. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Don haka 'yan uwana masu sana'a, da ku iyayen biki masu ba da kwangilar gora ɗari biyar, ga roƙona: kafin a buɗe kwalbar filebo ko ƙullin siwita, a ɗebo kofi guda bai yi sanyi ba, a kurɓa, a riƙe shi a baki. In akwai bauri a rage wuta gobe, in akwai ƙarfe a sauya tukunya, in kuwa yana tsikarin harshe a zubar da shi, ko da gora ɗari ce.