Kwalaben da ake cewa na zamanin Turawa ne

A baje kolin kayan gargajiya da makarantu da ƙungiyoyin al'adu kan shirya a ƙasar Magarya da Dungas, tsofaffin kwalabe sun fara samun wuri kusa da ƙorai da taskira. Wannan abin yabo ne, domin kwalba ta daɗe da zama ƴar gida: da ita ake awon man gyaɗa a kasuwar Sassumbrum, a cikinta ake sayar da fetur a bakin hanya. Aibin yana ga ƴar takardar da ake maƙala mata, wadda kusan kullum magana ɗaya take yi: «ta zamanin Turawa».

Sau da yawa kwalbar da kanta ke ƙaryata takardar. Wadda ke ɗauke da raƙumin dawa na Bière Niger ba za ta girmi kamfanin Braniger na Yamai ba, shi kuwa a 1967 aka kafa shi, shekara 7 bayan samun mulkin kai. Dusashewar gilashi ba hujja ba ce. Rairayi da rana na tsofar da kwalba cikin ƴan shekaru. Masana layin haɗi suke dubawa: in ya taso daga gindi ya ratsa har leɓen baki, aikin inji ne, irin wanda Michael Owens ya ƙera a Amurka a 1903. In ya ɓace a wuya, hannu ne ya ƙarasa bakin.

Lamarin turaren Bintu Sudan ya fi wuya, ya kuma fi shafar jama'a, tunda shi ne ƙamshin lefe da ɗakin amarya. Kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920. A 1966 ya narke cikin Bush Boake Allen, wanda IFF ya saye a 2000, kuma an daɗe ana ɗura turaren a Kano. Saboda haka sunan da ke jikin takarda yana faɗin shekarar da kwalba ba ta girma ba, amma ba ya tabbatar da tsufanta, domin tsohon suna kan daɗe a kan kaya bayan masu shi sun sauya. Ga kuma jabu, wanda ya bi wannan turare kasuwa-kasuwa; shi ma yana tsufa, kuma jabun da ya shekara 40 a cikin adaka ya fi sabon na ainihi kama da kayan tarihi.

Masu baje kolin sun fi sakaci da shaidar da ke kusa da su. Tsohuwar da ta ba da aron kwalba ta san bikin da aka kawo mata ita, ko kafin yunwar 1984 ne ko bayanta, da kasuwar da aka sayo ta, Maigatari ko Kano. Ba kasafai ake tambayarta ba, kuma ba a rubuta amsarta a kan takardar.