THE IMMIGRANT: Magda na tari, kyamara na kallon wani wuri

Darakta: James Gray. 'Yan wasa: Marion Cotillard, Joaquin Phoenix, Jeremy Renner, Angela Sarafyan. Shekara: 2013.

Duk mai kallon finafinai ya san wannan dabarar. Idan marubuci yana so ya kawar da wani daga cikin labarinsa, sai ya sa shi tari, ya rufe baki da farin hankici, a nuno mana ɗigon jini, shi ke nan magana ta ƙare. A littattafanmu na soyayya ciwon zuciya ne ke yin wannan aiki: likita ya cire tabarau ya ce a ba yarinya wanda take so, in ba haka ba za a rasa ta. Su kuwa Turawa tarin fuka ne nasu. Fim ɗin The Immigrant yana da kyau ƙwarai, amma shi ma bai tsira daga wannan tarko ba, kuma faɗawarsa ciki ta sa ya yi asarar labarin da ya fi wanda ya ba mu nauyi.

Shekarar 1921 ce. Ewa da 'yar'uwarta Magda sun gudo daga ƙasar Polan bayan yaƙi ya cinye iyayensu. Jirgin ruwa ya sauke su a tsibirin Ellis da ke bakin birnin Niyu Yok, inda ake tantance baƙi kafin su shiga Amurka. Suna kan layi tari ya tona asirin Magda. Nan take likita ya ware ta, aka ce za a tsare ta wata shida a asibitin tsibirin, in ba ta warke ba a mayar da ita inda ta fito. Ita ma Ewa saura ƙiris a tasa ƙeyarta, sai ga wani mai suna Bruno, Bayahude mai zaƙin baki, ya ba jami'i cin hanci ya fito da ita. Ashe kawali ne. Yana da 'yan mata masu rawa a gidan giya, yana kuma haɗa su da maza. Ewa ta shiga wannan ƙazamar sana'a tana kuka, don ta tara kuɗin da za ta fanshi 'yar'uwarta.

Gaskiya sai a yaba. Marion Cotillard Bafaranshiya ce, amma ta koyi harshen mutanen Polan saboda fim ɗin, kuma rabin wasanta da ido take yi. Ku duba fitowar da ta je coci tana faɗa wa limamin Kirista zunubanta, duhu ya rufe komai sai fuskarta. Wallahi ko ba ka jin abin da take cewa sai jikinka ya yi sanyi. Mai ɗaukar hoto, Darius Khondji, ya rina fim ɗin da ruwan ƙasa-ƙasa kamar tsohon hoton da aka tsinta a akwatin kaka. Hoton ƙarshe kuwa, inda aka raba sikirin biyu, ta taga kana ganin kwalekwale yana tafiya da 'yan matan, a madubi kana ganin Bruno yana ɗingishi zai fita, ya isa a koyar da shi ga duk mai son zama darakta. Jeremy Renner ne dai, a matsayin ɗan dabo mai son Ewa, bai gamsar da ni ba. Kamar daga wani fim ya ɓato hanya.

To, ina Magda? Duk wahalar da Ewa ta sha saboda ita ce, amma daga fitowar farko sai ta ɓace mana, ba mu sake samunta sosai ba sai a ƙarshe. Ba mu ga ɗakin da take kwance ba, ba mu san me take ci ba, wa ke gadon kusa da ita, me take tunani idan ta hango fitilun birnin da aka hana ta shiga. An mayar da ita jingina kawai, kamar gonar da aka ajiye wa mai bin bashi. Ciwon nata ma kwaɗo ne da aka rufe ƙofa da shi, kuɗi ne mabuɗinsa. Da Bruno ya biya, sai ga ta ta fito, an miƙa masu tikitin jirgin ƙasa zuwa Kalifoniya, mu kuma a ce mu yi ajiyar zuciya.

Ni ban yi ba, domin a 1921 babu maganin tibi. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar, amma maganin farko mai kashe ta, streptomycin, sai a 1943 aka samo shi. Don haka wannan tikiti ba ƙarshen labari ba ne. Yammacin Amurka shi ne inda masu wannan ciwo ke kwarara a lokacin, saboda likitoci sun yi imani busasshiyar iska da rana da hutu suna gyara huhu. Kuma abin mamaki, waɗanda suka fi kowa tsayawa wajen tarbar matalautan cikinsu su ne 'yan'uwan Bruno.

Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawa kimanin miliyan 2 suka bar Rasha da gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun kisan gilla da talauci. Da yawansu sun ƙare a cunkusassun gidajen haya na Niyu Yok, unguwar da fim ɗin ya nuna, suna ɗinki daga safe har dare a ɗakunan da iska ba ta shiga. Tarin ya yi masu yawa har ana kiransa ciwon teloli. Wanda ya kamu sai ya sayar da ɗan abin da ya mallaka ya nufi Denver ta jihar Kolorado, garin da ke kan tudu, sama da mita 1,600 daga teku. Yana isa sai ya tarar masu gidajen haya suna gudunsa, wasu a titi suke faɗuwa su mutu.

A 1899 Yahudawan garin masu hali, waɗanda asalinsu daga Jamus ne, suka buɗe asibitin National Jewish, da ƙa'idar cewa mai iya biya ba ya shiga, wanda ya shiga kuma ba ya biya. Sai dai akwai sharaɗi: wanda ciwonsa bai yi nisa ba kaɗai ake karɓa, kuma da farko ba a dafa abinci bisa ƙa'idar addininsu, wadda ta yi kama da tamu ta halal a wajen yanka da ƙin naman alade. Baƙon da ya zo daga Rasha yana aman jini, ba ya jin Turanci sai Yidish, ba shi da wuri a nan. Ganin haka wasu leburori, yawancinsu su ma masu tarin ne, suka zauna suka yi karo-karo. Abin da suka tara a zaman farko dala 1 da santi 10 ne. Da wannan aka soma ƙungiyar JCRS, wadda ta buɗe gidan jinyarta a 1904 a bayan gari, da 'yan tantuna da ƙaramin gini ɗaya. Ƙa'idarsu ita ce ba a korar kowa, ko da numfashinsa na ƙarshe ya zo, kuma ba a karɓar ko sisi.

Jagoransu likita ne, Charles Spivak, wanda aka haifa a 1861 a ƙasar da a yau ake kira Yukren. Shi ma gudun hijira ya yi, ya yi leburanci kafin ya karanta likitanci, ya riƙe sakatarcin ƙungiyar har rasuwarsa a 1927. Wurin ya bunƙasa ya zama kamar ƙauye: garken shanu don madarar majinyata, ɗakin ibada, ɗakin karatu, maɗaba'a inda masu samun sauƙi ke koyon sana'a. Majinyata na kwana a baranda ko da ƙanƙara na zuba, an lulluɓe su da barguna. Mutum kusan 10,000 suka yi jinya a nan cikin shekara 50, kafin a mayar da wurin cibiyar ciwon daji a 1954. A Kalifoniyar da aka tura Magda ma, wata ƙungiyar Yahudawa da aka kafa a 1913 ta kafa tanti biyu a Duarte kusa da Los Angeles. Shi ne ya zama asibitin City of Hope na yau.

Ga masu karatun littattafai, akwai ƙarin abin sha'awa. Mawaƙin Yidish, Yehoash, tarin ne ya kai shi Denver a 1900, kuma a can ya haɗu da Spivak suka wallafa ƙamus tare a 1911. Wani mawaƙin, H. Leivick, ya kwanta a gidan jinyar JCRS a farkon shekarun 1930, ya rubuta doguwar waƙa a kan zamansa a can. Wato mutanen da ke kan gadon nan ba shiru suka yi suna jiran mutuwa ba. Suna rubutu, suna gardamar siyasa, suna soyayya. Haba, ina darakta zai samu kayan aiki irin wannan?

Wani zai ce ai Magda Kirista ce 'yar Katolika, me ya haɗa ta da asibitin Yahudawa? Asibitocin biyu na Denver ba sa tambayar addini a ƙofa. Majinyaciyar farko a National Jewish ma ba Bayahudiya ba ce. Wani kuma zai ce darakta yana da 'yancin zaɓen labarinsa. Haka ne, kuma ba na cewa James Gray ya yi ƙarya. Shi kansa jikan Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai ne, kuma kawalai irin Bruno an yi su. Joaquin Phoenix ma ya ba shi zuciya, har ka ƙi shi ka kuma tausaya masa idan 'yan sanda na dukansa suna zagin asalinsa. Abin da nake cewa shi ne, fim ɗin ya sa mu yarda cewa a Amurkar 1921 talaka mai tari ba shi da hanya sai 'yar'uwarsa ta sayar da mutuncinta. A tsibirin Ellis wataƙila haka ne, tunda dokar 1907 ta ambaci tibi cikin cututtukan da ke hana baƙo shiga. Amma da zarar kwalekwalen nan ya taɓa gaɓa, akwai teloli da mahauta da suka riga suka kafa tanti suna jiran irinta.

Ku nemi fim ɗin ku kalla, amma ba tare da yara ba, saboda akwai tsiraici a fitowar gidan rawa. Kusan awa biyu ne, a cikinsu abin da aka ba Magda bai kai a kira shi rawa ba.