Albishirin Haihuwa ta Bakin Mala'ika a Littafi Mai Tsarki

Albishirin haihuwa ta bakin mala'ika tsohon salon labari ne a Littafi Mai Tsarki, yana kuma da tsarin da ba ya cika sauyawa. Mala'ika ya bayyana, tsoro ya kama wanda aka zo wa, a kwantar masa da hankali, a shaida masa za a haifi ɗa, a faɗi sunan yaron da abin da zai zama. Daga nan mai karɓar saƙon ya kawo uzuri, sai a ba shi alama. Raymond Brown, malamin Katolika ɗan Amurka, ya zayyana waɗannan matakai a littafinsa na 1977 kan labaran haihuwar Almasihu.

Asalin salon yana cikin Tsohon Alkawari. A Farawa sura 16 mala'ika ya tarar da Hajaratu a bakin maɓuɓɓugar ruwa cikin jeji, ya raɗa wa Isma'ilu suna tun yana ciki. Matar Manowa, uwar Samson, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ita ma ta sami irin wannan saƙo a Littafin Mahukunta sura 13.

Wanda ya fi kowa sarrafa salon shi ne Luka. A sura ta farko ta Linjilarsa ya jera albishir biyu, duka ta bakin Jibra'ilu, mala'ikan da aka fara ambaton sunansa a littafin Daniyel. Na farko ya zo wa Zakariya, firist tsoho, yana ƙona turare a Haikalin Urushalima. Na biyu ya zo wa Maryamu a Nazarat, a wata na shida bayan Alisabatu, matar Zakariya, ta ɗauki cikin Yahaya. Dukansu sun yi tambaya, amma sakamakon ya bambanta: Zakariya ya nemi abin da zai tabbatar masa, sai alamarsa ta zama bebantaka har ranar suna, Maryamu ta tambayi yadda abin zai yiwu, aka yi mata bayani, aka nuna mata cikin Alisabatu a matsayin alama. Sannan Luka ya ƙara abin da babu shi a tsofaffin labaran, wato amincewar matar da bakinta.

Batun tagomashi ma a nan ya fito. Luka ya yabi adalcin Zakariya da matarsa, amma bai ambaci wani aikin kirki na Maryamu ba kafin gaisuwar mala'ika. Kalmar Helenanci da ke cikin gaisuwar, kecharitomene, tana nufin wadda aka yi wa alheri. Fassarar Latin ta mai da ita cike da alheri, a kan haka Katolika suka gina darajar Maryamu, Furotesta kuwa suka ɗora nauyin a kan Mai bayarwa.

Matiyu ya bi wata hanya. A wurinsa Yusufu, wanda aka yi wa alkawarin auren Maryamu, shi ne mala'ika ya zo wa, cikin mafarki, nan take kuma marubucin ya haɗa lamarin da Ishaya 7:14. Annabi Ishaya ya faɗi wannan magana ga Sarki Ahaz wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da Suriya da Isra'ila suka yi wa Yahuza taron dangi. Kalmar Ibrananci almah da ke cikin ayar tana nufin yarinyar da ta isa aure. Tsohuwar fassarar Helenanci ta sa parthenos, wadda ta fi karkata ga wadda ba ta san namiji ba, ita ce kuma Matiyu ya ɗauka. Malaman Yahudawa da na Kirista sun daɗe suna jayayya a kan wannan aya. Mai fassara zuwa Hausa ya huta, domin kalmar budurwa tana ɗauke da ma'anonin biyu.

Matiyu yana nuna cikar annabci da kafa aya, Luka kuwa yana zuba sabon labari cikin tsohon tsari, ya bar wanda ya san Tsohon Alkawari ya gane da kansa. Ta fuskar adabi, hanyar Luka ta fi gwaninta. Labarinsa ne ake karantawa a bikin albishir na ranar 25 ga Maris, wata tara cif kafin Kirsimeti.