Zalika Souley da 'Yan Kallonta

An haifi Zalika Souley a Yamai a 1947, ta rasu a 2021. Fim ɗinta na farko shi ne Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane (1966), amma gwanintarta ta fi bayyana a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. A ciki ta fito a matsayin kishiya mai mugun kishi. Wannan gwaninta ce ta jawo mata baƙin jini, domin 'yan kallo da yawa sun kasa bambance ta da miyagun matan da take kwaikwayo. Armashin shirin Rahmatou Keïta, Al'lèèssi (2004), shi ne yadda ya jera tsofaffin fitowarta da halin talaucin da ya same ta a ciki.