'Yan Fanshon Turai da Motocin Kwana a Gaɓar Teku

A kowace shekara, da zarar watan Oktoba ya ƙare kuma sanyi ya fara kankama a arewacin Turai, manyan hanyoyin da suka ratsa Faransa zuwa Sifaniya kan cika da wasu fararen motoci masu tudu, waɗanda mafi yawan masu su dattawa ne da suka ajiye aiki, miji da mata, daga Jamus da Holan da Birtaniya da ita kanta Faransa. Irin wannan mota, wadda za a kira motar kwana a nan, ita ce wadda aka ƙera bayanta ya zama ɗaki, da gado da murhun gas da firji da ɗan makewayi, ta yadda mai ita zai yi tafiya da barci da girki ba tare da ya nemi masauki ba. Inda suke dosa shi ne gaɓar tekun kudu, wato yankin Algarve na ƙasar Fotugal da Almeriya da Malaga a Sifaniya, wasu kuma su hau jirgin fito a Aljesiras su tsallaka zuwa Tanja, su gangara Agadir da Sidi Ifni a Maroko, ba za su juyo ba sai wajen watan Maris. Al'adar ta yi kama da cin rani, illa dai mai cin rani neman kuɗi yake fita yi, su kuwa waɗannan ɗumin rana suke bi da kuɗin fanshonsu a aljihu.

Dalilin tafiyar a fili yake. A watan Janairu ma'aunin zafi da rana yakan kai digiri 16 a Faro, babban birnin Algarve, ya kai wajen 20 a Agadir, alhali a Balin da ƙyar yake wuce digiri 3, dare kuma ya sauka ƙasa da sifili, ga shi rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma. Tsohon da gaɓoɓinsa ke ciwo, wanda kuma kuɗin ɗumama gida ke cinye wani kaso na fanshonsa, musamman bayan tashin farashin makamashi na 2022, ba ya bukatar dogon lissafi kafin ya kulle ƙofa ya kama hanya. Annobar korona ta ƙara wa abin kasuwa, domin mutane sun guji otal da jirgin sama, har sababbin motocin kwana da aka yi wa rajista a Jamus kaɗai suka haura 78,000 a shekarar 2020. Akwai kuma wani dalili da mai karatu zai fi lura da shi fiye da Baturen da ke cikin lamarin, wato yanayin gidan da ake barowa, domin 'ya'ya sun daɗe da kama gabansu, babu jikoki a tsakar gida, babu wanda zai zo gaisuwar safe ya tarar da ƙofa a rufe, saboda haka wata huɗu na rashin maigida da uwargida ba sa tsayar da al'amarin kowa.

Masu tallar waɗannan motoci, a wurare irin su baje kolin da ake yi a Dusuldof ta Jamus kowace shekara, hoton da suke nunawa shi ne na mota guda a kan tudu, teku a gabanta, babu kowa kusa. Zaman hunturu a cikin mota kuwa sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma wanda ya raina su yakan ji a jikinsa tun kafin ya bar Faransa. Iskar gas iri biyu ce ake zubawa a tukunya, butan da furofen, kuma butan yakan daina tashi idan sanyi ya kai sifili, murhu ya mutu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, shi ya sa matafiyin hunturu yake riƙe furofen, wanda ke aiki har ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili. Tukunyar ruwan zafi tana da wani famfon kariya da ke buɗe kansa ya zubar da ruwa idan sanyi ya kusa daskarar da shi, don kada bututu ya fashe, kuma sabon shiga da yawa sun wayi gari sun tarar ruwansu ya tsiyaye a ƙarƙashin mota. Numfashin mutum biyu a ɗakin da bai fi tsawon mita shida ko bakwai ba yakan koma raɓa a jikin gilashi, ta yadda aikin farko na safiya shi ne goge tagogi da tsumma da ɗaga katifa ta sha iska, in ba haka ba fumfuna ta kama bango. Wanda kuma ya toshe ramukan shan iska don gudun sanyi ya jefa kansa cikin haɗarin kabon monoksaid, wata iska marar wari da ke fita daga wutar da ba ta ci sosai ba, wadda ke kashe mutum yana barci.

Doka ma tana da nata iyakokin. Lasin tuƙi na gama-gari a Turai bai wuce mota mai nauyin kilo 3,500 ba, kuma lita ɗari ta ruwa da kekuna biyu da kayan abinci kan kai motar bakin wannan iyaka cikin sauƙi. Tun daga farkon 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ɗan ƙasar ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, abin da ya sa wasunsu ke raba hunturu tsakanin Sifaniya da Maroko.

Duk da wannan ɗawainiya, al'adar ta cancanci a kare ta, kuma hujjar ba ta tsaya ga lafiyar tsofaffin kaɗai ba. Garuruwan gaɓar teku suna rayuwa ne da baƙin bazara, daga Nuwamba zuwa Maris kuwa kasuwa takan mutu, a rufe gidajen abinci, a sallami ma'aikata. Baƙon da ya zo a wannan lokaci ya zauna makonni, yana sayen burodi da kifi da ganye, yana kai wanki, yana zuwa kantin magani, ya fi amfani ga ƙaramin ɗan kasuwa fiye da wanda ya sauka a jirgi ya shige otal ya ci ya sha a ciki har ya koma. A yankin Agadir da Tiznit an samu masu sana'ar hannu da suka ƙware a kan waɗannan motoci, masu gyaran jiki da fenti da ɗinkin kujeru da ɗora faifan sola, kuma matafiya da yawa kan tara gyare-gyarensu sai sun isa can saboda arahar aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun kwanan kyauta. Wani ɓangare na matafiyan, kuma ba lallai marasa hali ba, domin sabuwar motar kwana takan ci dubban Yuro masu yawa, sun mai da ƙin biyan kuɗin masauki abin alfahari, suna kwana a filayen ajiye motoci na bakin teku da kan duwatsun gaɓa, kuma manhajojin waya irin su Park4night, inda matafiya ke sanar da juna wuraren kwana, kan mai da lungun da mota biyu ke tsayawa ya zama zangon motoci da dama. Abin da hoton talla ba ya nunawa shi ne akwatin masai, wani ɗan tanki mai ɗaukar ƙasa da lita 20 da ake zarowa ta gefen mota, wanda mutum biyu ke cikawa cikin kwana biyu ko uku, kuma dole a juye shi a wani wuri. A zango mai tsari akwai ramin da aka tanada, ana ganin dattijo da sassafe yana jan akwatin a kan ƙananan tayoyinsa zuwa can. A bakin tekun da babu tanadi, akwatin yakan ƙare ne a makewayin jama'a ko magudanar ruwan sama ko bayan wani kurmi. Ruwan da ake cika tanki da shi a famfon gari kuwa na mutanen da suka sha fama da fari ne, domin a farkon 2024 sai da gwamnatin Fotugal ta rage ruwan da manoma da gidajen Algarve ke samu, kuma yankin Sus da Agadir ke ciki ya dogara yanzu da tace ruwan teku. Abin da matafiyi ke kira kyauta, ƙaramar hukuma da mazauna gari ne suke biya.

Wajen magance matsalar, Fotugal ta fara da tsanani, inda a watan Janairun 2021 ta haramta kwana a motar kwana a duk wurin da ba a ware ba, sannan a watan Agustan wannan shekarar majalisa ta sassauta, ta yarda da awa 48 a cikin ƙaramar hukuma guda, ban da wuraren da aka keɓe don kare halittu da kuma gaɓar teku. Sifaniya ta bi wata hanya, ta bambanta ajiye mota da kafa zango: muddin tayoyi ne kaɗai suka taɓa ƙasa, ba a shimfiɗa rumfa ko fito da kujeru ba, ba a kuma zubar da ruwa ba, to motar a ajiye take ko da mutane na barci a ciki, ko da yake ƙananan hukumomi suna da ikon ƙara nasu sharuɗɗan. Kowace daga cikin hanyoyin biyu tana da rauni. Haramci tsagwaronsa yana kora motocin ne zuwa ƙauyen gaba, ko kuma ya tilasta wa kowa shiga manyan zangunan 'yan kasuwa, waɗanda da yawansu ma a rufe suke a hunturu, ƙa'idar tayoyi kuwa ta kula da abin da ido ke gani a gefen titi, ta bar tambayar inda ƙazanta za ta tafi.

Faransa ce ta fi kusa da daidai, domin ƙananan hukumominta sun daɗe suna ware filaye na musamman a gefen gari, da famfo da ramin juye masai, wani lokaci da wutar lantarki, a kan kuɗi kaɗan, ga kuma tsarin France Passion da aka kafa a 1993, inda manoma ke karɓar matafiyi ya kwana ɗaya a gonarsu, shi kuma in ya ga dama ya sayi abin da suke nomawa. Garin gaɓar teku da ya gina irin wannan fili kusa da kasuwarsa, ya sa masa farashin da zai biya ruwa da kwasar shara, shi ne yake da bakin cin tarar wanda ya kwana a kan yashi. Ma'auratan da suka iya sayen motar kwana suka kuma zuba mata mai daga Hambug zuwa Faro ba za su kasa biyan kuɗin filin da suka kwana ba, kuma ya kamata ƙungiyoyinsu, irin su Caravan and Motorhome Club ta Birtaniya da ta samo asali tun 1907, su riƙa faɗa musu haka ƙarara.