Hakiman Bakin Iyakar Wales: Ƙasar da Umarnin Sarki Ba Ya Shiga

Bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, sai ya tarar da ƙasar Wales a yammacinsa, ƙasar duwatsu da kwazazzabai, mai ƙananan sarakuna barkatai waɗanda ba su saba yi wa kowa mubaya'a ba. Ba shi da dakarun da zai bi su lungu-lungu. Sai ya ajiye amintattun yaransa uku a bakin iyakar: William FitzOsbern a Hereford, Hugh d'Avranches a Chester, Roger de Montgomery kuma a Shrewsbury. Ya sakar musu mara, duk abin da takobinsu ya ci ya zama nasu. Daga nan tsarin sarautar bakin iyaka ya samo asali, ya kuma yi shekara fiye da 450 yana aiki.

Hakimin iyaka ya sha bamban da takwaransa na cikin Ingila. Yana gina kagara ba da izinin kowa ba, yana ɗaura yaƙi da maƙwabcinsa idan ya ga dama, yana da kotunsa da alƙalansa, hukuncin kisa ma a hannunsa yake. Takardar umarnin sarki ba ta aiki a ƙasarsa. Hatta yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta amince cewa rikicin filaye a yankin, da dokar iyaka za a yanke shi. Yadda suke ji da wannan 'yanci ya fito fili a 1250, lokacin da manzon Sarki Henry na Uku ya kai wa hakimin iyaka Walter de Clifford takarda. Clifford ya tilasta wa manzon ya tauna takardar ya haɗiye, har da kakin hatimin da ke jikinta.

Ba za a ce ba su tsinana komai ba. Sun kafa garuruwa da kasuwanni, sun gina kagarar Chepstow da ta Caerphilly waɗanda har yau suke tsaye, sun yi auratayya da gidajen sarautar Wales. Amma filayen kwari masu albarka baƙi 'yan ci-rani suka raba wa, 'yan ƙasa kuwa aka bar su da kan tudu. Kuma duk wanda aka zalunta a kotun hakimi, ba shi da inda zai ɗaukaka ƙara.

Rayuwar hakimin iyaka William de Braose ta isa misali. A lokacin Kirsimetin 1175 ya gayyaci Seisyll ap Dyfnwal da wasu manyan Wales zuwa kagararsa ta Abergavenny da sunan sulhu. Baƙi suka ajiye makamai suka zauna cin abinci, sai ya sa aka karkashe su, wai ramuwar jinin kawunsa yake yi. Mutanensa suka bi har gidan Seisyll suka kashe ƙaramin ɗansa. Ba kotun da ta tuhume shi. Mutanen Wales ne suka rama da kansu, suka ƙone kagarar a 1182. Shi kuwa Braose tauraronsa sai ƙara haske yake yi, har ya zama na hannun daman Sarki John, wanda ya ba shi ƙasar Limerick ta Ireland a 1201 a kan alkawarin zai biya kuɗi mak 5,000.

Sai reshe ya juye da mujiya. A 1208 John ya juya masa baya, ya tayar da maganar bashin, ya ƙwace ƙasashensa. Braose ya tsere Ireland, daga baya ya haura Faransa. Aka kama matarsa Maud da babban ɗansu, aka kulle su ba ci ba sha har suka mutu a 1210. Shi ma ya rasu yana gudun hijira a 1211. Mutumin da ya kashe baƙinsa ba a tambaye shi dalili ba, haka aka hallaka iyalinsa ba wanda ya tambayi sarki dalili. Masana tarihi da dama na ganin wannan ta'asa na cikin abin da ya sa manyan Ingila suka dage a rubuta a Magna Carta cewa ba za a ɗaure ɗan ƙasa mai 'yanci ba sai da shari'a.

A nan aibin tsarin yake. Sarki yana kau da kai ga ɓarnar hakimi muddin yana tsare masa iyaka. Da Edward na Ɗaya ya gama murƙushe Wales a 1283, buƙatar ta ragu, sai ga shi ya tsare hakiman iyaka biyu, Gilbert de Clare da Humphrey de Bohun, ya ci su tara mai nauyi saboda sun yi faɗa a kan kagarar Morlais, abin da kakanninsu suka daɗe suna yi ba a ce musu kanzil ba. Henry na Takwas ne ya soke ikon nasu da dokar 1536, ya mayar da ƙasashensu gundumomi.

Tsaron iyaka wajibi ne ga kowace daula, amma ikon da ba mai sa masa ido, talaka yake fara ci, sannan ya komo kan mai shi.