Sana'ar Turi da Ikon Google a Ƙasar Rano

Turi, a bakin masu harkar waya, shi ne kwafar fim ko waƙa ko karatun malamai ko manhaja daga kwamfuta ko wata waya zuwa wayar mai buƙata ba tare da an hau intanet ba, kuma sana'a ce da ta zauna da gindinta a rumfunan masu caji, tun daga kasuwar Farm Centre a birnin Kano har zuwa kasuwannin ƙasar Rano da garuruwan Kibiya irin su Fammar. Tsadar data da raunin sabis ne suka haife ta, domin mutum ɗaya ne ke sauke abu sau ɗaya, sannan ya bazu ta manhajar Xender ko ta memori zuwa wayoyi masu yawa. Abin da ya ba da wannan dama shi ne wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda su ne a hannun talaka, suna aiki da Android, tsarin da ya fito a 2008 yana barin mai waya ya saka manhaja daga duk inda ya samo ta, a cikin ƙunshin da ake kira APK, saɓanin iPhone wadda Apple ya ɗaure da shagonsa tun farko.

Sai dai wannan 'yanci aro ne, kuma mai shi, wato Google, yana ta janye shi sannu a hankali. Matashin da ya ƙirƙiri manhajar koyon karatu ko ta lissafin gona, in yana son ta shiga Play Store, wato shagon manhajoji na Google, dole ya biya dala 25 ta rajista, abin da ya zama jidali tsakanin 2022 da 2025, lokacin da manyan bankunan Najeriya suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Daga Nuwamba 2023 aka ƙara wa sabbin masu rajista na ƙashin kansu sharaɗin samo mutum 20 su gwada manhajar kwana 14 a jere, kafin daga baya a rage su zuwa 12, sharaɗin da ke da nauyi a inda kowane magwaji sai an saya masa data. In manhajar ta yi ciniki, kamfanin na yankar kashi 15 cikin ɗari na dala miliyan ɗaya ta farko a shekara. Ga wanda ya kasa tsallake waɗannan shingaye, turi ne kaɗai hanyarsa zuwa ga jama'a.

Wannan hanyar ce Google ya nufa a Agusta 2025, da ya sanar cewa wayoyin Android masu shaidar amincewarsa za su daina karɓar manhajar da maƙirƙirinta bai tantance kansa a wurin kamfanin ba, ko da ba daga shagon ta fito ba. An tsara farawa a Satumba 2026 a Burazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma daga 2027. Bayan ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya yi alkawarin sassauci ga ɗalibai da ƙwararrun masu amfani.

Hujjar tsaro da yake kafawa ba ta banza ba ce, domin turi kan ɗauko gurɓatattun manhajoji masu satar bayanai, kuma mai rumfa ba shi da hanyar tantance abin da yake turawa. Amma manhajojin bashi da suka riƙa tozarta 'yan Najeriya a wurin abokan hulɗarsu, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta umarci a cire su a 2022, a cikin shagon Google ɗin suke zaune, abin da ke nuna rajista ba ta isa kariya ba. Tarayyar Turai ta iya cin Google tarar yuro biliyan 4.34 a 2018 kan yadda yake sarrafa Android, alhali mai turi na Fammar da maƙirƙirin manhaja na Rano ba su da wata ƙungiya ko kujera a inda ake yanke waɗannan hukunce-hukunce. Ya wajaba hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA da FCCPC su nemi bayani daga kamfanin kan makomar masu ƙananan manhajoji kafin wa'adin 2027 ya iso Najeriya.